Talata: gardamar "OK"

Yau Auta ce ta jawo mana magana. Muna tsintar shinkafa Inna ta aike ta ɗebo gawayi, ta amsa da "OK". Inna ta ɗago kai: "Ke, 'to' ɗin ta ƙare ne a gidan nan? Wannan oke ɗin ma daga ina ta fito?" Auta ta ce Turanci ne mana. Yaya daga bakin ƙofa ya ce ina, bayi ne suka kai ta Amurka daga Senegal.

Gardama har la'asar. Hujjarsa ita ce a harshen Wolof na Senegal ana cewa "waaw kay", wato eh ƙwarai, kuma masanin harsuna David Dalby ya taɓa kawo wannan ra'ayin. Ni kuwa aikin Allen Walker Read na Jami'ar Columbia na kawo masa, wanda ya wallafa a 1963 da 1964 bayan ya tono tsofaffin jaridu. Ya samo ta a jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris, 1839, lokacin da 'yan jarida ke yayin ɓata rubutu da gangan su kuma gajarta shi: "all correct" ta koma "oll korrect", aka ɗauki O da K. Zaɓen 1840 ne ya watsa ta, don magoya bayan Shugaba Martin Van Buren suna yi masa kirari da "Old Kinderhook", sunan garinsu a jihar New York. 'Yan ƙabilar Choctaw ma, 'yan asalin Amurka, suna da "okeh" tasu, har Shugaba Woodrow Wilson haka yake rubuta ta.

Wuta ba ta zo ba. Ɗinkin Anti bai kammala ba.

Na fi yarda da Read, takarda ce a hannunsa. Amma tun bayan magariba zuciyata ba ta yi min daɗi. Mutanen Boston suna da injin ɗab'i, shi ya sa ko wasan da suka yi da haruffa yana da ranarsa da watansa. Waɗanda aka loda a jirgi daga bakin kogin Gambiya fa? Wa ya zauna ya rubuta abin da suke faɗa wa juna a gonakin auduga? A wurare da dama ma doka ce ta hana a koya musu karatu. Ko da kalmar tasu ce, da wace shaida za su karɓe ta?

Yaya ya ce gobe zai tambayi telan nan ɗan Senegal yadda tsofaffinsu ke furta ta. Na ce ya tafi da ni.