Ƙwayar cuta ɗaya, jiki daban-daban

Idan damina ta yi nisa a Gombe, wajajen Agusta da Satumba, ɗakin gwajin jini ba ya rabuwa da layin mata masu goyo. A irin wannan ɗaki na koyi aiki, kuma a nan na gane cewa ganin ƙwayar cuta a jini rabin labari ne. Sai ka san jikin da ta shiga.

Ga maleriya. Idan macen sauro ta zuba wa mutum ƙwayar cutar, wato Plasmodium falciparum, hanta ƙwayar take fara nufa, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, mutum na ta harkokinsa bai sani ba. Daga nan ta bazu cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ka shafa ɗigon jini a gilashi, ka rina da Giemsa, za ka gan ta a madubin likita: ɗan zobe shuɗi da ɗigon ja a gefe. Duk bayan kimanin awa 48 ƙwayoyin jinin su fashe, zazzaɓi ya taso. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda take ɓuya. Takan sa ƙwayar jinin da ta shiga ta manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini, don kada ta bi ta saifa a tace ta. In mannewar ta auku a ƙwaƙwalwa, sai yaro ya kama jijjiga ya suma, a gida a ce iska ce, a ɓata lokacin da ya kamata a ce yana asibiti.

To amma sai ka ga magidanci da ƙwayar a jininsa ya tuƙo babur ɗinsa da kansa, ga kuma 'yar shekara biyu an rungumo ta ido ya kakkafe. Shi cizon shekara da shekaru ya gina masa garkuwa, ita ko ba ta kai nan ba. Akwai kuma gado. Tun 1954 wani masanin kimiyya, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu jinin AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensu kawai, sun fi samun kariya daga maleriya, abin da ya sa gadon sikila ya yawaita a ƙasashen sauro irin namu. Masu SS, da suka gaji sikila daga uwa da uba har ta zame musu ciwo, su ne ke biyan farashin wannan kariya, kuma raina yakan sosu duk lokacin da irin sakamakon ya fito a hannuna.

Tarin fuka ma haka yake. Ƙwayar da Robert Koch ya gano a 1882 takan zauna a cikin fararen ƙwayoyin jinin da suka haɗiye ta, ta yi shekaru shiru. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda suka ɗauka ne ciwon ke bayyana gare su, galibi in yunwa, HIV ko ciwon suga sun raunana jiki.

Shi ya sa nake mayar da takardar neman gwaji in an bar gurbin shekaru ba a cike ba, nake kuma tambaya ko mace na da juna biyu kafin in miƙa sakamako.