Sifika shida a jere gaban tibi, wai kuma kayan ne ba su da kyau

Sana'ata haɗa kayan sauti ne a gidajen mutane, ni da yara biyu da suke koyon aiki a hannuna. Kiran da na fi samu kusan iri ɗaya ne, mutum ya sayo hom tiyata mai sifika biyar da wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bes, ya farke kwali ya jera su reras a gaban tibi kamar kayan kanti, bayan kwana biyu ya bugo min wai an cuce shi, sautin ba ya fita. Nakan je in tarar kaya lafiyarsu ƙalau, wurin zamansu ne kawai ba a ba su ba.

Ni in na shiga falo ba na fara taɓa waya. Tambayata ta farko ita ce, oga a ina kake zama in za ka yi kallo? Sai in zauna a kujerar in ciro tef ɗin awo, don daga nan ake auna komai. Sifikun gaba guda biyu ana so kowacce ta kauce kamar digiri 30 daga tsakiya, amma ba sai ka nemo abin auna digiri ba, in daga kujerarka zuwa kowacce mita 3 ne to tsakaninsu ma ya zama mita 3, shi ke nan. Ka ɗan karkato fuskarsu su kalle ka, ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririyar murya ya yi daidai da kunnenka kana zaune. In kuma sifikar mai rami ce a baya kar ka manna ta da bango, ba ta ɗan fili ta yi numfashi.

Ta tsakiya ita ce abar tausayi. Yawancin maganar 'yan fim daga ita take fitowa amma ita aka fi wulaƙantawa. Akwai wani kwastoma da yake min ƙorafi ba ya jin abin da ake cewa sai ya ƙure murya, in ya ƙure kuma aka harba bindiga a fim ɗin yara su farka da kuka. Ko da na duba ashe an cusa ta can ƙuryar kabad ɗin tibi an rufe da gilashi don kar ta yi ƙura. Na jawo ta bakin katakon, na sa ɗan roba a ƙasan gabanta ta ɗaga kai ta kalli kujera. Minti biyar bai cika ba. Mutumin har kunya ya ji, ni ma na ji nauyin karɓar kuɗin aiki gaskiya, amma dai na karɓa.

Na gefe guda biyu kuwa mutane suna ce musu na baya, alhali a tsarin 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya, gefenka suke zama su ɗan ja baya kaɗan, wajen digiri 110, kuma sama da kunne kaɗan don kar su riƙa yi wa na bakin kujera ihu a kunne.

Wufa ce take sa a ɗauke ni mahaukaci. Sauti mai kauri da ya yi ƙasa da kamar 80 Hz, wato karkarwa 80 a daƙiƙa, kunne ba ya iya gane daga ina yake zuwa, shi ya sa wufa za ta iya zama kusan ko'ina, to amma ɗakin da kansa yana wasa da bes ɗin, wani wuri ya taru ya yi gum kamar ganga, ka matsa taku biyu ka ji ya ɓace ɗif. Abin da nake yi shi ne in ɗora wufar a kan kujerar mai gida, in kunna waƙa mai bes, in durƙusa in bi gindin bango da rarrafe ina saurare. Inda na ji bes ya fito tas, kowane bugu daban, nan ne gidanta. Matar wani ta taɓa leƙowa ta ga ƙato yana rarrafe a falonta wufa na zaune a kujera, ta koma ciki tana dariya ba ta ce komai ba. Lungu yana ƙara ƙarfi ba ƙarya, sai dai sau da yawa ruri ne kawai yake ƙaruwa, taga ta yi ta karkarwa.

Waya ma a kula, ja da ja, baƙi da baƙi. Na taɓa juya ta a sifika ɗaya da hannuna, na kusa awa ina zargin amfilifaya, ashe ɗaya tana tura iska ɗayar tana ja, bes yana cinye kansa. Yarona ne ya gano, har yau yana min gori.

Sai ɗakin. Ka tsaya tsakiyar falo ka tafa sau ɗaya, in ka ji amsa-kuwwa tana bin tafin to tayil da gilashi da bango tsirara ne suke dawo da sauti. Kafet mai kauri tsakanin kujera da tibi, da labule mai nauyi, suna gyara abin da sabuwar amfilifaya ba za ta gyara ba. Kujera ma in ta jingina da bango nakan roƙi a jawo ta ko da taku ɗaya ne, nan ne ake daru da masu gida.

Ƙarshen aiki shi ne saiti. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka sifikar da ta fi kusa da kai ita za ta riga isowa, shi ya sa amfilifaya take tambayar nisan kowacce don ta jinkirta ta kusa. Na kamfanin Denon da Marantz suna zuwa da Audyssey, na Yamaha da YPAO, tsarin da ke auna ɗaki da makirfon ya yi saitin da kansa, ka sa makirfon ɗin a tsayin kunne, ba a kan matashin kujera ba, a kashe fanka da esi, kowa ya yi tsit. Amma ba na sakar wa injin komai, yana yawan ɗaukar ƙananan sifiku a matsayin manya, sai in mayar da su ƙanana in sa mararrabar, wato inda sifiku ke miƙa wa wufa bes, a 80 Hz yadda kamfanin THX mai tsara ƙa'idar sautin silima ya tsara, nauyin bes ya koma kan wufa.

Kafin in tattara kayana nakan liƙa ɗan selotef a ƙasa daidai ƙafar kowace sifika, don na san ranar da aka yi shara za a ture su, in ba alama kuma ni za a sake kira.