Kafin ku karɓi aikin jinya a wata jiha, ku tambayi wa ke kwana da marasa lafiya

Lasisin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya take bayarwa ba shi da iyakar jiha. Wanda ya ci jarrabawarta a Katsina yana da ikon yin aiki a Kalaba ko Ilori, muddin yana sabunta shi duk bayan shekara uku. Wannan sauƙin ne yake sa sabon ma'aikacin jinya ya ɗauka cewa komawa wata jiha maganar kuɗin mota ce da neman ɗaki, alhali kusan duk abin da ya saba dogara da shi a gida zai bar shi a baya: malaman da suka san shi, 'yan ajinsu da suka riga shi kama aiki, da matsayinsa na ɗan asalin jiha. Ƙannena, maza da mata, ina rubuta muku wannan ne saboda na yi irin wannan ƙaura ina sabuwar fitowa, kuma na zaɓi asibitina na farko da ma'aunin da bai dace ba.

Lambobi biyu na ajiye a gabana na gwada, wato albashin da zan samu a gida da wanda wani asibitin kuɗi da ke gefen Abuja ya yi mini alkawari, na biyun ya rinjaya, shi ke nan na haɗa kaya. An zagaya da ni asibitin da hantsi, lokacin da likitoci suke nan, an goge ko'ina, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, kuma manaja yana ta fara'a. Sai da aka sa ni aikin dare na gane cewa kallon kitse na yi wa rogo. Daga ƙarfe tara zuwa wayewar gari ni kaɗai ce mai lasisi a ginin, tare da wasu 'yan mata da suka koyi yin allura a nan cikin asibitin ba tare da sun taɓa shiga makarantar jinya ba, likita kuwa yana gidansa sai dai a kira shi a waya.

Illar hakan ta wuce gajiya da tsoro. Makaranta tana koya wa mutum abin da ya kamata a yi, amma hannu da ido a gefen gadon mara lafiya suke gogewa, kuma ba sa gogewa daidai sai da babba a kusa. Kowa ya karanta cewa mai cikin da ta yi jijjiga aka ba ta maganiziyam salfet dole a riƙa duba numfashinta, da yawan fitsarinta, da motsin gwiwarta idan an ƙwanƙwasa, sannan a ajiye kalsiyam gulukonet a kusa ko da maganin zai yi mata yawa. Sanin wannan a takarda daban, tsayawa a kan matar da ƙarfe biyun dare, dangi sun cika ƙofa suna salati, shi ma daban. Haka abin yake ga jinin da ya ɓalle wa mai jego, da lissafin maganin jariri gwargwadon nauyinsa, da gane alamar farko cewa jinin da ake ƙara wa mutum bai karɓe shi ba. Tsohuwar ma'aikaciya takan leƙo kawai ta ce a tsayar da jinin nan, kuma daga wannan magana guda sabon shiga yake koyon abin da zai riƙe har ya yi ritaya. Inda babu irinta, mutum yana koya daga kuskurensa ne, kuma kuskuren ma'aikacin jinya a jikin wani yake sauka.

Akwai kuma ɗabi'un da ake ɗauka ba a sani ba. A wurin da na fara, an saba cike takardar awon zafin jiki da hawan jini a lokaci guda gab da miƙa aiki, maimakon a rubuta kowane awo a sa'ar da aka yi shi. Ban ƙirƙiro wannan ba, na tarar ana yi, na bi sahu saboda aiki ya fi ƙarfin hannu, kuma da na koma babban asibiti sai da wata matiron mai tsauri, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta sha fama da ni kafin na rabu da shi. A lokacin na ji haushinta, yanzu kuwa ita nake yi wa addu'a.

Ku lura da wani abu da masu asibitocin kuɗi ba sa faɗa a wurin ganawa. Hukumar jinya ba ta san da zaman waɗannan mataimaka da ake horarwa a bayan fage ba, don haka idan ɗaya daga cikinsu ta yi allura a inda bai kamata ba a daren da kuke kan aiki, mai lasisi za a nema. Hukumar tana da kotun ladabtarwa da take iya dakatar da ma'aikaci ko ta soke sunansa daga rajista. Wani asibitin ma dalilin da ya sa yake neman ku ke nan, domin ya sami lasisin da zai nuna wa masu duba asibitoci idan sun zo. Mai asibiti zai iya ɗaukar wani gobe, amma ku lasisi ɗaya gare ku.

Saboda haka kada ku yarda ziyarar safe ta ishe ku. Ku nemi izinin dawowa da yamma lokacin da masu aikin rana suke miƙa wa masu aikin dare, ku ƙirga da idonku ma'aikata nawa ne suka rage da gadaje nawa ne suke da mutane. Ku keɓe da ma'aikaciyar jinya guda, ba manaja ba, ku tambaye ta mutum nawa ne suka ajiye aiki a cikin shekarar da ta wuce da dalilinsu, ko ana biyan albashi a kan lokaci, da kuma ko likita yana kwana a asibitin. Ku tambayi abin da ake yi idan wuta ta ɗauke alhali wani yana kan iskar oksijin, da inda ake samo jini cikin dare, da asibitin da ake tura wanda ya fi ƙarfinsu da motar da take kai shi. Ku tambayi abin da ake yi wa ma'aikacin da allura ta soke shi, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, ana sha kwana 28, kuma asibitin da ya yi shiru a kan wannan tambaya ya riga ya ba ku amsa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa, wadda ake yi sau uku, ku kammala ta tun kafin ku bar gida. Idan jihar da za ku tana cikin waɗanda zazzaɓin Lassa yake yawan ɓulla, kamar Bauchi, Taraba, Edo da Ondo, ku duba ko safar hannu da takunkumi suna wadace ko kuwa sai an sa dangin mara lafiya sun sayo.

A ganina, shekarun farko sun fi dacewa da babban asibitin gwamnati ko asibitin koyarwa, ko da albashin bai kai ba, ko da cunkoso ya yi yawa, domin a can ne ake zagayawa da sabon ma'aikaci daga ɗakin gaggawa zuwa na yara, na haihuwa da na tiyata, kuma a can ne ake da manya sama da manya. Ban ce duk asibitin kuɗi haka yake ba, akwai waɗanda suka fi na gwamnati tsari, kuma tambayoyin nan su ne za su bambanta muku su. Ƙaramin asibitin ƙauye aiki ne na lada, jama'armu suna matuƙar bukatarsa, amma ya fi kyau a je shi bayan hannu ya faɗa. Wanda kuma ya riga ya san fannin da yake so ya ƙware a kai, ya sa wannan cikin lissafin garin da zai koma: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana horar da ma'aikatan jinya a fannin ƙashi, Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin haka a fannin ido, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna kuma a fannin taɓin hankali.

Kuskurena na biyu a kan takarda ne. Na fara aiki a kan alkawarin baki, aka ce takardar kama aiki tana nan tafe, ni kuma kunya ta hana ni matsawa. Ba ta zo ba, kuma lokacin da na tashi neman wani aikin babu abin da zan nuna cewa na taɓa aiki a wurin. Ku karɓi takarda kafin ku sa inifom, ku karanta ta a tsanake, ku ga ko ta fayyace albashi, alawus na aikin dare, hutun shekara, hutun haihuwa, da wa'adin sanarwa idan ɗayanku zai rabu da ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma abin takaici ne a ce har yanzu akwai masu tayin abin da bai kai haka ba ga mai lasisi. Ku tambayi fansho: dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, a asusun da yake bin mutum duk inda ya koma. Wasu wuraren suna cire naku kason ba sa turawa, don haka ku riƙa duba asusun da kanku.

Idan aikin na gwamnatin jiha ne, a nan ne maganar asali take tasowa. Jihohi da yawa suna ɗaukar wanda ba ɗan asalinsu ba a kan kwantiragi, ana sabuntawa idan an ga dama, sau da yawa babu fansho kuma ƙarin girma ba tabbas. Mutum zai iya shafe shekaru yana aiki kafaɗa da kafaɗa da abokinsa ɗan jiha, ya wayi gari abokin ya zama shugabansa. A 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalinta ba ta ce su koma jihohinsu, kuma duk da cewa ba kasafai ake yin haka ba, ya isa ya sa ku nemi sanin ko aikin na dindindin ne mai fansho ko na wucin gadi ne. Haka nan tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS na tarayya ne, jihohi ba sa bin sa bai ɗaya, wata ta biya shi cikakke, wata ta biya wani kaso, saboda haka jin sunan tsarin kawai bai gaya muku abin da zai shiga asusunku ba.

Asibitocin tarayya sun fi sauƙi ta wannan fuska, tunda ana raba guraben ne bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi kuma albashin iri ɗaya ne ko'ina, sai dai ba sabon abu ba ne sabon ma'aikaci ya yi watanni kafin sunansa ya shiga tsarin biyan albashi, daga baya a biya shi ariyas. Ku tafi da guzurin da zai riƙe ku. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku gurbi, ku guje shi, domin takardun bogi suna yawo, kuma cinikin guraben aiki ya yi ƙamarin da sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023.

Ga wadda ta riga ta sami aikin gwamnati a jiharsu kuma aure zai kai ta wani gari, kada ta yi gaggawar rubuta takardar ajiye aiki. A aikin gwamnati akan tabbatar da ma'aikaci bayan shekara biyu na gwaji, kuma wanda aka tabbatar yana iya neman a mayar da shi wata hukumar tare da shekarun aikinsa, maimakon ya koma farko. Wanda jiharsa ta ɗauki nauyin karatunsa bisa sharaɗin zai yi mata aiki na wasu shekaru, ya warware wannan yarjejeniya a rubuce kafin ya tafi, domin takan biyo mutum a lokacin da bai zata ba.

Maganar albashi kuwa ba ta cika sai an cire haya da kuɗin mota. A Abuja kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga na dillali a kai, shi ya sa ƙananan ma'aikata suke tarewa a Mararaba, Masaka ko Suleja, kuma wanda ya san cunkoson hanyar Keffi da safe ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya karɓi aiki ƙarfe takwas. Da na zauna na yi lissafin gaskiya, rarar da ta ja ni can ta ƙare a hanya. Asibitin da yake da kwatas na ma'aikata, ko ɗakin da mace za ta kwana idan ta tashi aikin yamma a makare, ya fi wanda ya ɗara shi albashi da 'yan dubbai.

Harshe ma yana cikin kayan aiki. Wanda zai koma Yola, Bida ko Ibadan ya koyi yadda ake tambayar ina ke ciwo, tun yaushe, da ko an sha wani magani, da Fulatanci, Nufanci ko Yarbanci, domin tafinta ba ya nan da tsakar dare. Hausarku ma jari ce a Kudu: asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana unguwar Idi-Araba ne, inda Hausawa suke da yawa, kuma tsohuwar da ta ji an gaishe ta da harshenta takan faɗi abin da ta ɓoye wa likita. 'Yan'uwa mata su tambayi ƙa'idar sutura tun a wurin ganawa, kada sai ranar farko a fara jayayya a kan hijabi.

Idan kuma kun riga kun faɗa wurin da bai dace ba, ku fita, amma ku fita ta ƙofa. Ku ba da sanarwa gwargwadon abin da aka rubuta, ku miƙa abin da ke hannunku, ku karɓi takardar shaidar cewa kun yi aiki daga rana kaza zuwa rana kaza, da sa hannun shugaban asibiti da hatimi. A watan Fabrairun 2024 hukumar jinya ta fitar da ƙa'idar da ta nemi shaidar aikin shekara biyu da wasiƙar shugaban wurin aiki daga masu son a tantance takardunsu don fita waje, har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ƙa'idoji irin wannan suna sauyawa, amma makarantar ƙwarewa da sabon wurin aiki duk za su nemi wannan shaidar, kuma ƙananan asibitocin kuɗi sukan rufe ko su sauya hannu, ta yadda bayan 'yan shekaru ba za ku tarar da wanda zai sa muku hannu ba.