Tudun Urakami, Nagasaki

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Nagasaki, a Japan, na hau ɗan tarago mai bin tsakiyar titi, na sauka kusa da Dandalin Zaman Lafiya, sauran na ƙarasa da ƙafa. Zafin Agusta na can irin mai manne wa mutum riga a baya ne.

Cocin Urakami na bisa ɗan tudu, ja wur, da hasumiya biyu. Na ɗauka jan bulo ne zalla. Ashe kankare ne da rodi, ginin 1959. Sai a 1980 aka yi masa rigar bulo don ya ɗauko kamannin na farko da bam ɗin nukiliya ya rusa, kafin zuwan Paparoma John Paul na Biyu a 1981.

Ban yi saurin shiga ba. A gindin tudun ta arewa akwai wani ƙaton dunƙulen gini kwance cikin ciyawa, kan tsohuwar hasumiya ne, yana nan tun faɗowarsa ranar 9 ga Agusta 1945. Tsakanin cocin da inda bam ɗin nukiliya ya fashe kamar mita 500 ne. Limaman coci biyu da waɗanda suka zo ikirarin zunubi babu wanda ya fita. Cikin 'yan Katolika wajen 12,000 na Urakami, an ƙiyasta 8,500 sun rasu. A farfajiya an jera mutum-mutumin waliyyai na dutse, sun yi baƙi ƙirin, wani ba kai, wani ba hanci.

Da farko na ga baiken masu cocin. Me ya sa ba su bar kangon ya zama shaida ba, kamar yadda Hiroshima ta bar nata? An ma yi wannan gardamar kafin a kwashe shi a 1958. Amma filin nan gidan dagaci ne a da, inda ake tilasta wa kakanninsu taka hoton Yesu ko na Maryama duk shekara, lokacin da suke ɓoye addininsu fiye da shekara 200. Saboda addinin nan aka kori sama da mutum 3,000 daga ƙauyen Urakami. Waɗanda suka rayu suka dawo a 1873, suka sayi filin, suka fara gini a 1895, hasumiyoyin ba su kammala ba sai 1925. Shekara 30 ana tara bulo, shekara 20 kacal ya yi a tsaye. Wa zai ce musu su koma wani fili?

Ciki kuwa baƙo iyakarsa bakin ƙofa. Daga nan na hango hasken gilasai masu launi ya zubo kan bencina, wata tsohuwa ita kaɗai a durƙushe. A hanyar komawa na ratsa ta inda bam ɗin ya fashe, na tarar da guntun bangon tsohon cocin da aka ɗauko aka kafa a wurin, na ɗan fake a inuwarsa na sha ruwa.