A ƙarshe dai sunan kogin ya kwanta a kan ruwansa

Jama'a, daren jiya wajen ƙarfe ɗaya na ga abin da na shafe sati biyu ina nema. Sunan babban kogin da ke taswirata ya kwanta luf a kan ruwan, shuɗi, a karkace, yana bin lanƙwasar kogin harafi bayan harafi kamar da hannu aka rubuta. Wallahi sai da na tashi tsaye na ja baya ina kallon sikirin ɗin, daɗi kamar ya kashe ni. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku tun abin yana da zafi, don na san akwai masu fama da irin wannan a QGIS, manhajar haɗa taswira.

Kun dai san aikin, taswirar wani kwari ce mai babban kogi ɗaya da rassa bakwai da ƙauyuka wajen ɗari da arba'in, bayanan daga OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da ke intanet, na sauko da su. Launi da kaurin layi duk na gama su tuntuni. Da a ce komai ya tafi yadda na tsara, da yanzu ina kan tsaunuka, to amma lebul, wato sunayen da ake rubutawa a kan taswira, ya riƙe ni, har ban ma san a mataki na nawa nake ba yanzu.

Matsalar ita ce duk sanda na zaɓi tsarin da rubutu ke lanƙwasa da layi, sai sunayen kogunan su ɓace ɓat. In na mayar da shi wanda ke tafiya a miƙe gefen layi sai su fito, amma sunan ɗaya ya maimaitu sau goma sha a jikin kogi ɗaya, wani a tsaye wani a kwance, abin babu kyan gani. Na rage girman rubutu, na kai fifikon leyar, wato shimfiɗar bayanan kogunan, har ƙarshensa 10, na cire hanyoyi daga cikin abubuwan da ke tare lebul, duk a banza. Kwana huɗu ina zargin cunkoso ne alhali ba shi ba ne.

Abin da ya fara buɗe min ido shi ne maɓallin nan da ke nuna lebul ɗin da ba su samu wuri ba, wanda ya zo tun QGIS 3.10, yana nuna su da ja. Ina danna shi sai ga jan rubutu jere reras a kan kogin, har a wurin da babu komai kusa, fili fetal. Nan na gane ba rashin wuri ba ne, layin ne da kansa yake ƙin karɓar sunan. Na buɗe teburin bayanai na ƙirga, ashe kogin nan ɗaya guntaye sittin da uku ne, wasu ko tsawon kalmar ba su kai ba a sikelin da nake aiki. Yaya za a yi suna mai harafi tara ya zauna a guntun da bai ɗauki harafi huɗu ba?

To na kunna zaɓin haɗa layukan da ke manne da juna, na ɗauka an gama. Rabi ya gyaru, rabi ya ƙi. Shi wannan zaɓin ba ya haɗa guntaye sai in rubutunsu iri ɗaya ne sak kuma bakinsu na taɓa juna, ni kuwa a nawa wani guntun an bar fili a ƙarshen sunan, wani an fara da ƙaramin harafi, wani ma babu sunan sam. Ido ba ya ganin wannan filin amma kwamfuta tana gani. Na bi su da trim, umarnin da ke share irin wannan filin, na cike waɗanda babu suna da hannu, na narkar da su bisa suna, wato na tara masu suna ɗaya wuri guda, sannan na ɗinke su suka zama layi ɗaya dogo. Duk da haka sunan ya ƙi fitowa, nan fa raina ya ɓaci sosai, na rufe laftof na bar shi kwana biyu ban taɓa ba.

Da na dawo na zuƙo kogin sosai na ga yadda yake murɗe-murɗe kamar maciji, kwana a kan kwana. Manhajar tana da iyakar kusurwa tsakanin harafi da harafi, digiri 25 take zuwa da shi, in lanƙwasar ta wuce haka sai ta haƙura da wurin. Na ɗaga zuwa 45 suna ya fito, amma haruffan suna karo da juna a cikin kwana suna wage baki a waje, ba ya karantuwa. Ni a ganina ɗaga wannan lambar ba magani ba ne, ɓoye ciwo ne kawai.

Maganin na gaskiya yana cikin janaretan jiyometiri na ɓangaren ajiye lebul, inda ake rubuta umarnin ƙirƙiro wani sabon layi daga na asali. Kogin da ake gani yana nan yadda yake, amma rubutun sai ya bi wani layin daban mai santsi da ba a gani. Na rubuta smooth(simplify($geometry, 200), 3) ina nufin ta share ƙananan kwanonin da ba su kai mita ɗari biyu ba sannan ta santsar da layin. Sai ga sunan ya fito a miƙe sambal, can nesa da ruwa, a tsakiyar gonaki. Leyar tawa tana EPSG:4326 ne, tsarin da ke awo da digiri, wato 200 ɗin nan digiri ta ɗauka ba mita ba, ta shafe duk kwanonin ta ja layi ɗaya daga mafarin kogi zuwa ƙarshensa. Na mayar da leyar UTM, tsarin da ke awo da mita, na sake gwadawa, 200 ta yi yawa rubutun na ɗan sauka daga kan ruwan, 120 ta zauna daidai. Na ƙara tazara kaɗan tsakanin haruffa, na mayar da kusurwar 25 ɗinta, shi ke nan ya kwanta.

Abin da ya yi min ciwo kuma ban warke ba shi ne ƙauyukan. Dare biyu na yi ina jan sunayensu da hannu ɗaya bayan ɗaya, ina ƙoƙarin barin kowanne a sama ta dama da ɗigonsa yadda Eduard Imhof, masanin zanen taswira na Suwizalan, ya fi so, in wurin ya cushe in kai shi wani gefen. Lokacin da manhajar ta tambaye ni ginshiƙin da za ta riƙa gane kowane ƙauye da shi, sai na ba ta lambar jeri da na ƙirƙira da kaina. Daga baya na goge ƙauyuka shida da suka maimaitu na sake jera lambobin, ai kuwa sunaye suka yi ta tsalle, na wannan ƙauye ya koma kan wancan. Ban lura ba sai da na buga gwaji a babbar takarda A1, takarda da tawada da dare biyu duk suka tafi. Ku ba ta osm_id, lambar da OpenStreetMap ke ba kowane abu, ko wata lambar da ba za ta taɓa canzawa ba, don Allah.

Yanzu na sake jan wajen talatin, saura da yawa. Na kuma kulle sikelin allon aiki daidai da na shafin bugawa ina amfani da madubin zuƙowa, tunda na ga abin da ya zauna a allo ba lallai ya zauna a takarda ba in sikelin ya bambanta. Reshe ɗaya daga cikin bakwai ɗin har yanzu ja yake nunawa, gajere ne ƙwarai kuma sunansa dogo, yau da daddare zan gwada barin rubutun ya ɗan zarce ƙarshen layin in ga ko zai karɓa. In akwai wanda ya taɓa yin haka a rafi gajere ya faɗa min nisan da ya sa.