Sati na uku a kan igwar Arsenal, kuma ta juya min baya

Salam 'yan uwa masu koyon surfani, ga inda na kwana da rigar filon da nake yi wa yayana. Shi dai tun zamanin Kanu yake bin Arsenal, in an ci su ranar ko abinci sai an lallashe shi, shi ya sa nace bari in ɗinka mai tambarinsu.

Jan na ciki na gama cike shi, ya cinye min ƙullin zare huɗu. Wahalar tana wajen tayar igwar da ke cikin tambarin, ƙananan sandunan nan na cikinta sau uku ina warwarewa, sai da na koma sili biyu maimakon shida sannan suka fito tsaf. Wadda za ta gwada ta fara da sili biyu kawai.

To ga abun dariyar. Da zan kwafi zanen na manna takardar a gilashin taga, ashe ta baya na ɗora ta, ban lura ba sai da na ɗinke rabi na ga bakin igwata yana kallon hagu, na jikin rigarsu kuma dama yake kallo. Wallahi kamar in yi kuka. Na tura wa Yaya hoton ina ba shi haƙuri sai ga kira, wai kar in kuskura in taɓa, ai tsohon tambarin kenan, daga 1949 har 2002 hagu take kallo, a 2002 ne suka sake zane suka juya ta don sun kasa yi wa tsohon rajistar mallaka, masu buga jabun kaya suna ta cin kasuwa da shi. Ya riƙe ni a waya kusan rabin awa, katina kam Allah ya so shi ya kira.

A nan na ji ma dalilin igwar. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, kudu maso gabashin Landan, su suka kafa ƙungiyar a 1886, tambarin farko igwa uku ne a tsaye. Sun tashi zuwa Highbury a 1913, unguwar da ba ruwanta da ƙera makami, amma suka tafi da igwarsu da sunan Gunners. Ni da na ɗauka don tsoratar da abokan wasa aka sa ta.

Yanzu ya ƙara min aiki, wai tunda tsohon ne sai in sa rubutun Latin ɗin nan na ƙasa, Victoria Concordia Crescit, ma'ana da haɗin kai nasara ke ƙaruwa. Harafi 24 fa, a yadin da bai kai tafin hannu biyu ba! Nace sai dai ya ƙaro kuɗin zare.

Tambayata, zaren gwal ɗin da na siyo yana ta tsinkewa a kunnen allura, akwai wadda ta san dabara? An ce in shafa mai kyandir, ina tsoron ya ɓata min jan.