Na je lambun Smith a Hove

Daga tashar Victoria ta Landan, jirgin ƙasa kan kai mutum Hove cikin kusan awa ɗaya. Gari ne na bakin teku, manne da Brighton, har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara. Da saukata iska ta tarbe ni da sanyi mai ratsa ƙashi, na ƙara zuge rigar sanyina, na kama hanyar lambun St Ann's Well a ƙafa.

Yanzu wurin shan iska ne kawai: filin tanis, yara na lilo, tsofaffi na jan karnuka. Wanda bai san labarin ba, ba zai taɓa cewa a nan George Albert Smith, ɗaya daga cikin magabatan harkar fim a Birtaniya, ya fara ɗaukar fim a 1897 ba. An haife shi a Landan a 1864, kuma asalinsa ɗan wasan dandamali ne mai sa mutane barcin siddabaru. Ya karɓi hayar lambun, ya kawo birai da mai duba, yana haska hotunan majigi. A ganina wannan ce ta taimake shi: ya riga ya san abin da ke kama idon ɗan kallo tun kafin ya taɓa kyamara.

A zamanin, kafa kyamara ake yi daga nesa, a ɗauki komai a jan numfashi ɗaya. Smith ya ƙi tsayawa nan. A wani gajeren fim na 1900, yaro na leƙa abubuwa da gilashin karatun kakarsa, sai kwatsam idon tsohuwar ya cika allo. Nesa, kusa, a koma nesa. Abin da kowane mai bidiyon biki ke yi yau ba tare da tunani ba, sai da wani ya fara gwada shi. Matarsa Laura Bayley ta fito a finafinansa da dama, kodayake ba a cika ambatonta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Daga nan na gangara gidan tarihin Hove da ke titin New Church, inda aka jera tsofaffin kyamarori na katako da tagulla. Can na daɗe a kan Kinemacolor, dabarar fim mai launi da Smith ya yi wa rajista a 1906, da kuɗin ɗan kasuwar fim Charles Urban. Fim ɗin baƙi da fari ne, sai wani faifai mai ja da kore da ke juyawa a gaban kyamara da majigi, idon mai kallo ya haɗa launukan. Da ita aka ɗauki hawan daba na Delhi a 1911.

Sai William Friese-Greene, mai tasa dabarar launin, ya tayar da rigima, kotu ta soke rajistar a 1914, kasuwar ta watse. Aka manta da Smith shekara da shekaru. Sai a 1955 masu harkar fim na Birtaniya suka karrama shi, yana ɗan shekara 91, ya rasu a Brighton a 1959.